An ce ba ni da ciwon suga, amma wuyana ya yi baƙi, al'adata kuma ta rikice

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 33 daga Argungu, ina da 'ya'ya uku, kuma na ƙarshen, wanda na haifa shekara biyar da suka wuce, ya zarce kilo 4 a awon haihuwa. Tun daga nan ban sake samun ciki ba, al'adata takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, gashi ya fara fito mini a haɓa, bayan wuyana da hammatata sun yi baƙi duk da dirzar da nake yi da man ƙara haske da nake shafawa. Bayan yaye na rame, sai na sha maganin ƙiba na wasu watanni, yanzu nauyina kilo 86. A ƙaramin asibitin unguwarmu an gwada sugana da safe kafin in ci komai, aka samu 112, awon jinina kuma 138 bisa 88. Ma'aikacin ya ce ba ni da ciwon suga, in dai rage zaƙi. Maigidana ya ce tunda babu ciwo in kwantar da hankalina, maƙwabciyata kuma ta kawo mini jiƙon ɗaci. Mahaifiyata ciwon suga ne ya taɓa mata ido. Shin lafiyata ƙalau ko kuwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ki bai faɗi ƙarya ba, domin 112 bai kai adadin da ake kira ciwon suga ba, amma ba zan ce miki lafiyarki ƙalau ba, kuma ban goyi bayan a naɗe hannu a zauna ba. Abubuwan da kika jero kamar ba su da alaƙa da juna, wato baƙin wuya, da jinkirin al'ada, da gashin haɓa, da ƙiba, da jinin da ya ɗan hau, da ƙaton jaririn da kika haifa, da lalurar mahaifiyarki, duk wuri guda suke nunawa: jikinki ya fara bijire wa insulin. Wannan hali yakan riga ciwon suga zuwa da shekaru masu yawa, kuma a wannan matakin ne gyara ya fi sauƙi, ya fi araha.

Duk abin da muka ci na dangin hatsi, tuwo ne ko fura ko burodi, idan ya narke a hanji suga yake komawa ya shiga jini. Insulin sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa, kuma aikinsa shi ne ya shigar da sugan nan cikin tsoka da kitse, ya kuma hana hanta ci gaba da zuba nata sugan a jini. Idan kitse ya taru a cikin ciki da hanta, mutum kuma ba ya motsa jiki, musamman idan akwai gado, sai tsoka da hanta su rage amsa wa insulin, fankiriyas kuwa ta ninka abin da take fitarwa domin aiki ya ci gaba. Ke da kike Argungu kin san noman rani a fadama: idan magudanar ruwa ta cushe da laka, manomi yakan ƙara wa injin ban ruwa wuta, ruwa ya ci gaba da isa fangali, shinkafa ta yi kore shar, mai wucewa ba zai ga wata matsala ba, alhali injin yana ta shan wahala har ranar da zai gaza. Shi ya sa mutum yakan yi shekaru gwajin sugansa yana fitowa daidai, ga insulin kuwa ya cika masa jini. Ranar da awon safe ya fara nuna 112, fankiriyas ta fara kasa biyan buƙata ke nan, ko da yake da sauran ƙarfinta.

Yawan insulin ɗin nan ne ya taɓa miki wuya. Yakan sa fata ta yi kauri ta yi duhu a wuraren da take naɗewa, bayan wuya da hammata da matsematsi da ƙarƙashin mama, wani lokaci har gaɓoɓin yatsu, kuma sau da yawa ana ganin ƙananan tsiron nama suna lilo a gefen wurin. Ba dauɗa ba ce, soso da sabulu ba sa fitar da ita, dirza ma ƙara wa wurin duhu take yi. Mata da yawa an zarge su da ƙazanta a kan abin da alama ce ta lalura, har da 'yan mata masu jiki da iyayensu ke dirje musu wuya har ya yi rauni. Duhun yakan ragu a hankali cikin watanni idan nauyi ya sauka, don haka ki bar fatar ta huta.

Al'adar ma daga nan take. Idan insulin ya yi yawa yakan zuga ma'ajiyar ƙwan mace ta riƙa fitar da sinadarin maza fiye da ƙima, wannan kuma ya hana ƙwai nuna ya fita a kan lokacinsa, sai al'ada ta yi jinkiri, ciki ya yi wuyar samuwa, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su fito a fuska. A takardun asibiti za ki ga ana rubuta wannan lalura da haruffan PCOS. Ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, amma bayaninki ya yi kama da ita ƙwarai. Hawan jinin kuma yana da nasa rabon a nan, domin yawan insulin yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa.

Mafi yawan abin da ake buƙata domin gane wannan hali yana nan a ƙaramin asibitin unguwarku, wani ma yana cikin ɗakinki. Ki nemi tef ɗin tela, ki tsaya a miƙe ba tare da zani mai kauri ba, ki zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wanda galibi yakan faɗa daidai cibiya ko sama da ita kaɗan, ki saki numfashi ba tare da kin tsuke ciki ba, sannan ki karanta. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ɗauki santimita 80 ga mata da 94 ga maza a matsayin inda haɗari ke farawa, wato kimanin inci 31 da rabi da kuma inci 37 a ɗaya fuskar tef ɗin. Inda babu tef, zare ya wadatar: a auna shi daidai tsayin mutum, a ninka shi biyu, idan ya kasa zagaye ciki to teɓa ta wuce rabin tsayi, kuma wannan ya isa gargaɗi. Na fi ba wannan awo muhimmanci a kan sikeli, saboda akwai wanda ba a kiransa mai ƙiba, hannu da ƙafa sirara, amma ciki ya yi gaba, kuma kitsen ciki shi ne mai ɓarna. Da ma'aikatanmu na matakin farko za su riƙa ɗaga mayafi su duba wuya, su zagaya tef, su tambayi mace nauyin jariranta da yadda al'adarta take, da an kama mutane da yawa shekaru kafin su zo da ƙafa mai gyambo.

Wataƙila wani ya ce miki ki je a auna insulin ɗin kansa a jini. Ba na ba da wannan shawara. Gwajin yana da tsada, sakamakonsa yakan bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, babu adadi guda da aka yi ittifaƙi a kansa, kuma ko me ya nuna ba zai sauya abin da za a ce ki yi ba.

Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne tabbatar da 112 ɗin nan. A awon safe, bayan aƙalla awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, abin da bai kai 100 ba shi ne daidai, daga 126 zuwa sama kuma, idan aka maimaita a wata rana aka sake samu, ciwon suga ne. Tsakaninsu shi ne matakin gargaɗi. Likitocin Amurka suna fara ƙirga shi daga 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma daga 110, kuma ke kin shiga ciki a duka biyun. Wasu injinan da ɗakunan gwaji suna amfani da wani ma'auni dabam, inda za ki ga an rubuta 6.2 maimakon 112; raba adadin aka yi da 18, abu ɗaya ne, kada ki ruɗe. Sai dai ƙaramin injin da ake huda yatsa an yi shi ne domin bibiya, kuma ƙa'idar ƙera shi ta yarda ya kauce da kashi 15 cikin 100, wanda ke nufin 112 ɗinki yana iya zama 95, yana iya zama 129. Ƙari a kan haka, 'yar takardar da ake ɗiga jinin a kanta zafi yana lalata ta, kin kuwa san yadda zafin Maris zuwa Mayu yake wuce digiri 40 a Kebbi, sannan yatsan da ya taɓa mangwaro ko rake ba a wanke ba yakan ba da adadi mai yawa na ƙarya. Don haka ki je babban asibiti a ɗebi jini ta jijiya, a ranar da ba kya fama da zazzaɓi, domin rashin lafiya kan ɗaga suga na ɗan lokaci.

Ga mace mai irin alamominki, gwajin da ya fi bayyana gaskiya shi ne wanda ake ba mutum giram 75 na gulukos, wani nau'in suga, a ruwa ya sha, a sake ɗibar jini bayan awa biyu. Ƙasa da 140 daidai ne, 140 zuwa 199 gargaɗi ne, 200 zuwa sama ciwon suga ne. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, inda 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 kuma ciwo. Yana da sauƙi saboda ba ya buƙatar zama da yunwa, amma a ƙasarmu sai an yi hattara da shi, domin sikila da ƙarancin jini da ƙarin jini na kwanan nan da juna biyu duk suna iya karkatar da sakamakonsa, kuma waɗannan ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu. Idan da hali a haɗa da gwajin kitsen jini da na ƙoda da na hanta. Ko kitsen jini ya fito daidai kada ki ɗauka kin tsira, domin an lura cewa baƙar fata sukan bijire wa insulin ba tare da wannan kitse ya hau ba.

Maganin ƙibar da kika sha ya fi komai tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Abin da ake sayarwa a kemis da kasuwa da sunan sha-ka-fashe galibi ya ƙunshi deksametason ko wani ɗan'uwansa daga dangin sitiroyid, tare da wani magani mai ƙara sha'awar cin abinci. Sitiroyid yana daga cikin magungunan da suka fi ƙarfin sa jiki ya bijire wa insulin: yana tara kitse a ciki da fuska da doron wuya, yana cinye tsokar cinya da damtse, yana ɗaga suga da jini, yana rikita al'ada, yana raunana ƙashi. Ƙibar da yake kawowa kumburi ce da kitse, kuma mata da yawa, har da amare da ake shiryawa, sun sayi ciwon suga da kuɗinsu ta wannan hanya. Mayukan ƙara haske da yawa su ma akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu, wanda fata ke tsotsa ya shiga jini idan ana shafa shi a jiki duka na tsawon lokaci. Ba ki faɗa mini ko har yanzu kina shan ƙwayar ba. Idan kin daina tun da daɗewa, to madalla. Idan kuwa kina kai, kuma kin wuce mako uku kina sha, kada ki yanke ta dare ɗaya, domin jiki ya riga ya rage ƙera irin wannan sinadari da yake yi da kansa, kuma tsayawa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini har da suma. Ki ɗauki kwalin maganin da robar man ki kai wa likita ya gani da idonsa, ya tsara miki yadda za a janye su sannu a hankali, kuma kada kunya ta sa ki ɓoye masa. Idan fuskarki ta cika ta yi zagaye, ko nankarwa masu faɗi da duhu sun fito a ciki da cinya, ki nuna masa su ma.

Game da ko ana iya juya wannan hali, amsar tana da hujja mai ƙarfi. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 masu irin matsayinki. Waɗanda aka taimaka wa suka gyara ci, suka yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara uku, waɗanda aka ba maganin suga mai suna metfomin kuma ya ragu da kashi 31. A ƙasar Sin an fara irin wannan aiki tun 1986 da mutum 577, aka bi su shekara 30, aka tarar waɗanda suka gyara rayuwarsu sun fi jinkirin kamuwa, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma sun fi ƙaranci a cikinsu. A ɗaya ɓangaren, idan aka bar abin haka, kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu wannan mataki sukan faɗa ciwon suga a kowace shekara. Kashi 7 na kilo 86 kilo 6 ne kawai. Ba ana so ki koma siririya ba ne, kuma babu buƙatar gaggawa. Kilo ɗaya a wata ma tafiya ce mai kyau.

"Ki rage zaƙi" shawara ce mai kyau, amma ba ta cika ba, domin mafi yawan sugan da ke shiga jinin Bakabe daga kwanon tuwo yake fitowa. Ba zan ce wa mutumin Argungu ya daina cin shinkafa ba, kuma duk tsarin abincin da ya raba mace da tukunyar gidanta ba ya daɗewa. Yawan ne za a taɓa. Idan malmala biyu kika saba ci, ki koma ɗaya, ki cike gurbin da miya mai yawan ganye, sure ko kuka ko kuɓewa ko alayyahu, da kifi, wanda Allah ya hore muku. Idan dafa-duka ce ko shinkafa da mai da yaji, wake ya kai rabi. Ki fara cin kwaɗon zogale ko rama ko tafasa kafin ki kai hannu ga tuwo, domin ganye da wake suna rage saurin shigar suga jini, suna kuma riƙe ciki. Gero da dawa sun fi farar shinkafa alheri idan ba a surfe su an tankaɗe har dusar ta ƙare ba, don haka a rage surfe, a bar gari da ɗan tsakinsa. Tuwon alkama da acca da ake tallatawa a matsayin abincin masu suga su ma hatsi ne. Wanda ya cika kwano da su bai tsere wa komai ba, sai dai ya ƙara kashe kuɗi.

Abin sha ya fi abin ci saurin ɓarna. Robar lemo mai santilita 50 takan ɗauki wajen giram 50 na sukari, kimanin cokalin shayi 12, kuma wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babban mutum ya sha a yini guda, ta ma fi son a tsaya a rabinsa. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa, da shayi mai kaurin madara da sukari wanda ake korawa da burodi, duk sahu ɗaya suke. Fura da nono abinci ne mai kyau idan aka dama ta da nono mai yawa, fura kaɗan, ba sukari, aka kuma ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokacin maimakon a ɗora ta a kan tuwo. Zuma da mazarƙwaila da rake ba mafita ba ne, jini ba ya bambanta su da sukarin kanti. 'Ya'yan itatuwa kuwa a ci su da ɓargonsu da namansu, ƙwaya ɗaya ko biyu, kada a matse su a sha ruwan.

Motsa jiki yana da wata fa'ida da babu abincin da ke ba da ita, domin tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko da insulin bai taimaka mata sosai ba, kuma takan ci gaba da amsa wa insulin da kyau har kwana ɗaya ko biyu bayan an gama. Saboda haka kada a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin, kuma ana iya rarraba shi. Idan ba kya fita, tsakar gida ta isa: ki zagaya ta da sauri na minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci, da saurin da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. A lokacin zafi bayan asuba da bayan magariba sun fi. Daka da jan ruwa a rijiya da shara da wanki, waɗanda injin niƙa da 'yan aiki suka ɗauke wa matan birni, aiki ne na gaske ga tsoka, haka ma tashi da zama daga kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba. Ki kuma kula da barci, domin wanda ke kwana a kan waya ba ya samun awa 7 yana ƙara wa kansa wannan matsala. Idan maigida ya ce kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, ki sanar da likita.

Ina roƙon ki karanta wa maigida wannan amsa, domin cefane a hannunsa yake. Nufinsa na kwantar miki da hankali mai kyau ne, amma taimakon da kike buƙata shi ne wake da kifi da ganye su yawaita a cefane, lemon kwalba ya daina shigowa a matsayin tsaraba, kuma ya tsaya miki idan dangi suka fara cewa kin rame ko ba a kula da ke. Wannan magana ta dangi ita ce ta kai ki ga maganin ƙiba tun farko, kuma za ta dawo da zarar kilo uku sun sauka. Shi ma ya zagaya tef ɗin a cikinsa.

Metfomin magani ne daɗaɗɗe mai araha, yana rage sugan da hanta ke zubawa, kuma shi kaɗai ba ya yawan faɗar da suga ƙasa. Ba kowane mai wannan mataki ake ba shi ba. An fi ba masu ƙiba sosai, da matan da suga ya taɓa hau musu a lokacin goyon ciki, da waɗanda adadinsu ke ta hawa duk da ƙoƙari, da wasu masu PCOS. A ganina ki ba gyaran ci da motsa jiki wata uku na gaskiya, sai dai idan gwajin jijiya ya fito da yawa, sannan ku tattauna da likita. Idan aka rubuta miki, akan fara da miligiram 500 tare da abinci, a ƙara a hankali saboda yakan sa tashin zuciya da gudawa a makonnin farko, ana duba ƙoda kafin a fara, kuma wanda ya daɗe a kansa ana duba masa bitamin B12, domin maganin yana iya rage shi. Kada ki saya da kanki, kada kuma ki ɗauki na mahaifiyarki, domin wasu magungunan suga suna iya sumar da wanda sugansa bai kai nasu ba.

Ki yi wa maƙwabciyarki godiya, amma ɗacin abu a baki ba ya kashe suga a jini. Shuwaka da zogale a miya abinci ne mai amfani. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a san ma'auninsa ba, yana iya cutar da hanta da ƙoda, ga ki kuma mai neman ciki.

Batun al'ada da haihuwa ya wuce ƙarfin ƙaramin asibiti, don haka ki nemi takardar turawa zuwa likitan mata, ko a babban asibitin da ke kusa da ke, ko a Birnin Kebbi, inda akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Za a fara da gwajin ciki, a duba sinadarin maƙoshi da na ruwan nono, waɗanda su ma suke tsayar da al'ada, a ɗauki hoton mara, kuma daidai ne a gwada maigida shi ma. Kada a bar al'ada ta riƙa wuce wata uku ba ta zo ba, domin bangon mahaifa yakan yi ta kauri, wanda ke da haɗari idan shekaru suka tura. Akwai maganin da ake bayarwa domin a kare shi. Mata da yawa da zarar sun rage kashi 5 zuwa 10 na nauyinsu al'ada take daidaita, ciki ya shiga ba tare da wani magani ba, waɗanda ba su samu ba kuma akwai ƙwayar da ke taimaka wa ƙwai ya fita, wadda likita ne kawai ya kamata ya rubuta ya kuma bibiya. Ki fara shan folik asid, ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki da masu neman ciki, tun yanzu. Idan Allah ya kawo rabo, ki fara awo da wuri, ki gaya musu jaririnki na baya ya wuce kilo 4, a gwada sugarki a zuwan farko, a kuma yi gwajin shan gulukos tsakanin mako 24 da 28.

Awon jininki na 138 bisa 88 bai kai 140 bisa 90 da ake fara kira hawan jini ba, amma ya kusa. A sake aunawa a ranaku dabam-dabam, bayan kin zauna kin huta minti biyar, da maɗaurin da ya dace da kaurin damtsenki, domin ƙaramin maɗauri yakan ƙara adadi. Ki rage gishiri zuwa abin da bai kai cokalin shayi ɗaya a yini ba, ki tuna dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta za su riƙe miki ɗanɗanon miya. Idan har aka kai ga rubuta maganin hawan jini, ki faɗa cewa kina neman ciki, saboda wasu daga cikinsu suna illa ga ɗan tayi.

Azumin Ramadan da na Litinin da Alhamis ba su da matsala ga mai matsayinki, suna ma iya taimakawa, muddin buɗa-baki bai zama ramuwar gayya da kunu mai sukari da lemo da soye-soye ba. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa sun isa farawa. Idan kina kan metfomin a lokacin, likita zai sauya miki lokutan sha.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta nauyinki da awon ƙugu sau ɗaya a wata, da ranar da al'ada ta zo, da duk awon jini da na suga, ki riƙa tafiya da shi asibiti. A maimaita gwajin suga bayan wata uku, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ya dawo daidai, kuma 'yan'uwanki da kuke ciki ɗaya su ma su je a gwada su. Kada ki jira ranar da aka sa miki idan kika fara jin ƙishirwa mai yawa, ko yawan fitsari musamman da dare, ko rama ba tare da dalili ba, ko gani ya fara dishi-dishi, ko ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa, ko rauni ya ƙi warkewa; ki je a gwada ki a cikin makon. Allah ya ba ki lafiya, ya ƙara wa Mama sauƙi.